Fi'ili mai goyo da Hausar da muka bari a ɗakin Hajiya

A shekarata ta biyu ina aiki da wani kamfani mai jigilar masu Umara tsakanin Jidda da Makka, manajanmu, wani Ba'indiye da kullum yake cikin sauri, ya turo mini saƙo ta WhatsApp wajen ƙarfe goma na dare. Kalma biyar ce kacal: "Call off the second bus." Na ga "call", na ga "bus", na ce ai magana ta ƙare. Na buga wa direba waya na ce ya taso. Bawan Allah ya taso daga Jidda, ya ci kusan kilomita 80, ya iso ƙofar otal a unguwar Misfala ta Makka ya tarar ko tsuntsu babu, don an ɗage tafiyar ayarin da zai ɗauka. Ashe cewa aka yi in soke bas ɗin. Wannan 'yar "off" da na ɗauka ado ce, ashe tsakuwa ce a cikin shinkafa. Ƙarshen wata na ji ta a haƙorina, da aka zaftare kuɗin mai da na direba daga albashina.

Irin waɗannan kalmomi Turawa suna ce musu "phrasal verbs". Malaman Turanci na nan Saudiyya suna cewa "af'al murakkaba". Ni kuwa fi'ili mai goyo nake ce musu, don fi'ili ne da ya goyo wata 'yar kalma a baya, "up" ko "off" ko "out" ko "in", kuma sau da yawa ɗan goyon ne yake faɗa wa uwar inda za ta nufa. "Give" bayarwa ce, amma "give up" saduda ce. "Look" dubawa ce, "look after" kuwa kula da mutum ne. Ba yau suka fara wahalar da baƙi ba. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ambaci wannan irin haɗi, ya ce Turanci ya fi yawancin harsuna yawansa, kuma nan ne baƙon harshe ya fi shan wuya. To in mai ƙamus da kansa ya faɗi haka shekara 270 da suka wuce, ni wane ne da ba zan kira bas ba?

Abin da ya sa na ɗauko maganar yanzu shi ne Turanci ya daina zama ƙawa a ƙasar nan. Tun 2021 makarantun gwamnati suka fara koyar da shi daga aji ɗaya na firamare. Tun 2019 aka buɗe bizar yawon buɗe ido. Likitanci da Turanci ake karanta shi a jami'o'i, kuma duk wanda ya taɓa kwana da mara lafiya a mustashfa, wato asibiti, ya san cewa rabin maganar da ke yawo tsakanin nas 'yar Filifin da likita ba da Larabci ake yin ta ba. Otal, filin jirgi, jirgin ƙasan Haramaini, kamfanin jigila irin namu, ko'ina ka kai takardunka sai an tambaye ka Turanci. 'Ya'yanmu, jikokin waɗanda suka zo aikin Hajji suka zauna, suna cikin wannan layi tare da kowa. Kuma ina da yaƙinin cewa suna riƙe da wani makami da abokan karatunsu Larabawa ba su da shi, sai dai mu iyaye mun sa sun ajiye shi a ƙofar gida tare da takalma.

Ɗan yayata yana shirin jarrabawar Turanci ta STEP, wadda cibiyar jarrabawa ta Ƙiyas take shiryawa. Yana zuwa wani mahadi, wato cibiyar koyarwa ta kuɗi, da yamma, ana biyan riyal masu kauri. Wata rana ya shigo gidan Hajiyarmu a bayan Shara Mansur da takardu huɗu an manne su da ƙusa, fi'ili mai goyo 200 an jero su bisa tsarin abacada, kowanne da fassarar Larabci a gefensa. Ya zauna a kan dadduma yana kaɗa kai gaba da baya, "break down, break in, break off, break out, break up", sak yaron da ke tilawa. Na tambaye shi nawa ya riƙe. Ya ce, "Hali," wato kawuna da Larabci, "jiya na kai saba'in, yau na tashi duk sun cakuɗe."

Hajiya daga cikin ɗaki ta ce, "Kawu ake cewa, ba Hali ba. Mu ba mu san Hali ba sai na ɗabi'a."

Ban raina hadda ba, kada a ji ni ba daidai ba. Da hadda muka riƙe Alƙur'ani, da ita malamanmu suka riƙe baitocin Alfiyyar Ibnu Malik kusan dubu. Amma abin da ake haddacewa nassi ne, mai farko da ƙarshe, kowace kalma tana riƙe da hannun ta gabanta. Jerin "break" guda biyar ba nassi ba ne. Kamanninsu ɗaya, babu labarin da ya ɗaure su, shi ya sa suke cakuɗewa cikin dare kamar wake da aka zuba buhu ɗaya. Wanda ya jera su haka ya sauƙaƙa wa kansa aikin bugawa ne, bai sauƙaƙa wa yaro ba.

Muna nan zaune sai Hajiya ta fito da kofin kunun gyaɗa ta miƙa masa. Ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Ta ce, "Maigida, ba sha na ce ka yi ba, shanyewa na ce. Shanye, ka ba ni kofina." Sai wani abu ya faɗo mini. Na jawo takardar na duba, ga "drink up" nan a shafi na biyu, an fassara shi da jimla guda ta Larabci: sha abin gaba ɗaya har ya ƙare. Na ce masa, "Ka ji abin da Hajiya ta ce? Mene ne bambancin sha da shanye?" Ya yi dariya ya ce ai wannan ko jariri ya sani. Na ce to "drink" sha ne, "drink up" shanye ne. "Eat" ci, "eat up" cinye. "Buy up" saye, kamar yadda 'yan kasuwa ke saye dabino kafin azumi. "Tear up" yage, "tie up" ɗaure, "lock up" kulle. Wannan "up" ɗin ba sama yake nufi ba, wasalin nan ne da muke sa wa a ƙarshen fi'ili mu nuna an gama da abu kakaf. Ya kalle ni kamar na fito da zomo daga hula.

Daga nan muka bi takardar da biro, ba bisa abacada ba, bisa abin da kunnenmu ya riga ya sani. Bahaushe ba ya rikita fita da fito. In kana ciki ka ce wa yaro fita, in kana waje ka ce masa fito. Shiga da shigo, sauka da sauko, hau da hawo, koma da komo. Wannan "o" ɗin tana jawo aiki zuwa inda mai magana yake, kuma ita ce ke raba "go out" da "come out", "go in" da "come in", "go down" da "come down", "take back" da "bring back". Sai kuma kashi na uku, masu kore abu nesa da kai: zuba da zubar, jefa da jefar, ba da bayar. Ga "pour away", ga "throw away", ga "give away". Masana nahawun Hausa, tun daga F. W. Parsons a wajen 1960, sun kasa fi'ilinmu aji bakwai bisa irin waɗannan ƙarshe. Hajiya ba ta taɓa jin sunan Parsons ba, amma ba ta taɓa kuskuren aji ɗaya ba a cikin bakwai ɗin. Abin da Bature yake yi da 'yar kalma a waje, mu muna yin sa da wasali a jikin kalmar. Hanya ce daban, masauki ɗaya.

Kafin kiran Isha mun tsame kusan arba'in daga cikin ɗari biyun, waɗanda ba su buƙatar hadda ko kaɗan.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi ba ɗalibai haushi, wato a ce kalma ɗaya tana da ma'ana huɗu ko biyar da ba su san juna ba. "Take off" jirgi ne ya tashi, kuma cire takalmi ne, kuma sana'a ce ta bunƙasa. "Go off" bom ne ya fashe, agogo ne ya buga, madara ce ta lalace. Yaron ya ce wannan ai zalunci ne. Na ce to zo mu duba gidanmu kafin mu zagi na maƙwabci. Jirgi ya tashi, farashi ya tashi, bom ya tashi, yaro ya tashi daga barci, kasuwa ta tashi, wato an watse. Wane Balarabe ne zai koyi Hausa bai yi kuka da "tashi" ba? Balle "ci". Mukan ci tuwo, mu ci kasuwa, mu ci bashi, mu ci jarrabawa, mu ci gado, mu ci sarauta, a ci mu tara, mugu ya ci amana, wuta ta ci gida. Mukan sha ruwa, mu sha wuya, mu sha kashi, mu sha alwashi, mu sha gaban wani. Babu Bahaushen da ya taɓa zama ya haddace wannan jeri. A bakin uwa ya ji "ci amana" ranar da aka ci amanar wani, da fushin da ke cikin muryarta, sai ya zauna masa har abada. Yaron da ya tashi da wannan harshe ya riga ya san cewa fi'ili ƙarami yana iya auren wata kalma su haifi ma'anar da ba ta kama da uwa ba ta kama da uba. Ba sabon tunani za a dasa masa ba, tuna masa kawai za a yi.

Har ƙa'idar nan da ke kayar da mutane a jarrabawa, cewa ana faɗin "turn it off" ba a faɗin "turn off it", tana da 'yar'uwa a wajenmu. Muna cewa sa ido, amma in mutum ya shigo sai mu ce sa masa ido. Ci mutunci, ci masa mutunci. Lamirin yana kutsawa tsakiya ya raba ma'auratan, kuma kunne ba ya yarda da wani wuri daban.

Wani zai ce wannan hira ce ta kawu da ɗan yayarsa. To masu bincike ma sun lura cewa harshen da ka tashi da shi yana da hannu a wannan babi. A 1985 Dagut da Laufer sun gwada ɗalibai masu magana da Ibrananci, wanda ɗan'uwan Larabci ne na jini, suka ga suna kauce wa fi'ili mai goyo, suna zaɓen kalma guda duk inda suka samu dama. A 1993 Laufer da Eliasson suka gwada 'yan Suwidin, waɗanda harshensu yake da irin wannan gini, suka ga su ba sa gudunsa. Ban ce an yi irin wannan gwaji a kan Hausawa ba. Abin da na gani a kan daddumar Hajiya nake faɗa, kuma ya yi daidai da hankali.

Larabcin ma ba fanko ba ne a nan, malaman mahadi ne ba sa taɓa inda ya kamata. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya san "ragiba fi" so ne, "ragiba an" ƙi ne, kuma da na biyun hadisin nan ya zo a kan wanda ya juya wa sunna baya. "Da'a lahu" addu'a ce ta alheri, "da'a alaihi" kuwa Allah ya kiyaye. Harafi guda ya juya fi'ili ya fuskanci yamma bayan yana kallon gabas, daidai yadda "off" ta yi mini da bas. Yaronmu na Makka yana da wannan, yana kuma da shanye da fito da zubar. Tsani biyu gare shi. Abokinsa na aji yana da ɗaya.

Sannan ɗari biyun nan ma wa ya ce su ake buƙata da farko? A 2007 Gardner da Davies sun tace wata taska ta Turancin Birtaniya mai kalma miliyan 100, suka tsamo wuraren da fi'ili mai goyo ya fito sama da rabin miliyan. Guda 25 kacal su ne suka ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi, guda 100 kuma suka ɗauki fiye da rabi. Sai dai waɗannan ɗarin suna ɗauke da ma'anoni 559. Ka ga ke nan wahalar ba a yawan kalmomin take ba, a zurfinsu take. Gara yaro ya san "pick up" ta fuska huɗu, ɗaukar abu daga ƙasa, ɗauko baƙo daga filin jirgi, ɗaga waya, tsintar harshe a titi, da ya haddace ashirin da ba zai gamu da su ba sai a takardar malam. Takardar ɗan yayata ta ba "pick up" layi ɗaya, daidai da wanda ta ba wata kalmar da ni kaina ban taɓa ji a bakin kowa ba cikin shekarun da na yi ina aiki da Turanci.

Yanzu ga inda maganar take da ɗaci. Wannan yaro ya gane shanye ne don yana kwana gidan kakarsa. Ƙannensa biyu ba su gane ba. In ka yi musu Hausa sai su amsa da Larabci, in ka matsa su ce "ma afham", wato ban gane ba. Da na yi wa uwarsu maganar sai ta ce, "Kai dai ba ka da 'ya'ya a madarasa shi ya sa. Ka san abin da ake ce wa yaro in an ji harshensa ya karkace? Ni na sha, ba zan bari su sha ba."

Na ce, "Yaya, na sani. Tare muka sha."

Kuma gaskiya ce, ba zan yi kamar ban san ta ba. Kalmar Takari ba kullum ake faɗinta da fara'a ba. Akwai gidajen da suka yi shekara ɗari a Hijaz, suna da takardar ƙasa, sunan Hausawi yana kan rigar 'ya'yansu a filin ƙwallo, uku daga cikinsu ma sun je gasar cin kofin duniya ta 2018 da tawagar Saudiyya, amma a cikin gida Hausar ta rage daga "sannu" sai sunan abinci. Akwai kuma waɗanda kullum hankalinsu yana kan igama da jawazat, wato takardar izinin zama da hukumar shige da fice, waɗanda duk abin da zai sa a ɗago kai a kalle su gudunsa suke yi. Uwar da ta hana ɗanta Hausa ba ƙin asalinta take yi ba, kare shi take yi da abin da ta iya. Inda na saba da Yaya shi ne lissafin da ke cewa kan yaro kamar tulu ne, in ka zuba Hausa sai wurin Larabci da Turanci ya ragu. Mu da muka tashi da biyun, wanne ya rage mana? Larabcin titi ba ya buƙatar taimakon kowa, yaro zai kwashe shi a unguwa da makaranta ko an so ko an ƙi. Hausa ce ba ta da kowa sai gida. Ga shi kuma ana biyan mahadi riyal ɗari-ɗari don ya koya wa yaro da ƙyar abin da kakarsa za ta ba shi kyauta da kofin kunu.

Abin mamaki, garin da muke jin nauyin yin Hausa a cikinsa shi ne garin da ake fassara huɗubar Arfa da Hausa kai tsaye, kuma a Madina ake buga tarjamar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi ana raba wa alhazai. Tsiren da muka kawo ma ya zama "sire" a bakin mutanen Hijaz, suna layi a kansa. Koyar da baƙon harshe ta hanyar Hausa kuwa ba bidi'a ba ce. Haka aka yi ɗaruruwan shekaru a zaure, malam ya karanta kalmar Ahalari ko Risala, ya mayar da ita Hausa, ɗalibi ya bi. Da wannan hanya aka fitar da malaman da suka zo nan suka zauna a Harami suka karantar. Me zai hana matasanmu da suka iya Turanci, ga su nan a Jidda da Makka da Madina har da ɗaliban Jami'ar Musulunci, su buɗe irin wannan zaure na awa ɗaya a mako, ko a rukunin WhatsApp ne, su bi fi'ili mai goyo ta ƙofar Hausa?

Ba zan ɓoye iyakar dabarar ba. Akwai inda tsanin yake ƙarewa. "Put up with" haƙuri ne da abin da ba ka so, kuma babu wasalin Hausa da zai kai ka can. "Make up" shiryawa ce bayan faɗa, ƙirƙirar ƙarya ce, kwalliya ce. Irin waɗannan sai dai a gamu da su cikin magana sau da yawa har su zauna, kamar yadda "sha alwashi" ya zauna mana. Kuma masu cewa a bar su gaba ɗaya a riƙi kalma guda suna da hujja rabi. Turanci harshe ne mai ɗaki biyu: tun da Normawa suka ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci da Latin suka cika shi, shi ya sa kusan kowane mai goyo yake da takwara mai babbar riga, "put off" da "postpone", "find out" da "discover", "call off" da "cancel". A rubutun ofis mai babbar rigar ya fi shiga. In kuma da direba ɗan Pakistan kake magana ko nas 'yar Filifin, kalmar da ba ta da harshen damo ita ce aminci. Masu harkar jiragen sama sun koyi wannan da tsada: bayan karon jirage biyu a tsibirin Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka rasu, aka taƙaita faɗin "take-off" a rediyo sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. Da manajana ya rubuta "cancel", da albashina ya cika.

Amma bakinka kaɗai kake iya zaɓa wa kalma, ba ka iya zaɓa wa kunnenka. Baƙon da ya sauka daga Landan ko Amurka zai ce maka "drop me off", "check out", "hold on", bai san ma ya faɗi wani abu mai wuya ba, don a wajensa su ne kalmomin yara. Saboda haka nake ce wa ɗan yayata ya ji da yawa, ya faɗi kaɗan, waɗanda ya tabbata da su.

Makon jiya ya dawo da wata sabuwar takarda, wannan karon da rubutun hannunsa, ya ja layi uku: na shanye, na fito, na zubar. A ƙasa ya ware wani gefe ya rubuta "marasa dangi" ya zuba su "put up with" a ciki. Yana cikin nuna mini "go on" da "carry on", na ce masa ai wannan ci gaba ne. Ya yi shiru, ya ɗago kai.

"Kawu, to shi gaban, in an ci shi, me ya rage?"

Na buɗe baki na rufe. Hajiya daga ɗaki ta ce a tambayi Bature, tunda shi ma ya iya goyo.